Gilashi: Daskararre Ne Ko Ruwa?

Gabatarwa

A hutun da ya wuce na je gida Rawayya, a ƙasar Bungudu. Wata rana da dare muna hira a zauren kawuna, sai wani ƙanena ɗan sakandare ya zo tsallake tabarma, ya yi tuntuɓe da tsohuwar fitilar ƙwai wadda Kawu ya ƙi rabuwa da ita duk da fitilun caji da suka cika gari. Ƙwan fitila ya tarwatse. Yaro ya durƙusa yana tsincewa, wani ɓallin ya yanke shi a yatsa. Don ya kawar da kunya sai ya ce, "Kawu, ka san kuwa malaminmu ya ce gilashi ruwa ne? Wai malala yake yi a hankali, ido ne ba ya gani."

Kawu ya dube shi, ya ce, "Ruwa na? To, ɗebo muna mu yi alwala. Ni dai tun da nike ban taɓa ganin ruwan da ya yanki yatsa ba."

Aka yi dariya. Sa'an nan aka juyo kaina, wai ni ne ɗan jami'a, in raba gardama. Na buɗe baki na rasa ta cewa, domin ni ma na sha jin wannan magana, kuma ban taɓa tsayawa na auna ta ba. Wannan kunya ce ta sa da na komo makaranta na shiga bincike. Abin da na samo shi ne nake so in shimfiɗa a gaban 'yan'uwana ɗalibai, malamaina kuma su gyara mini inda na karkace. Na tarar ashe gardamar ta wuce ƙwan fitila, ta taɓo wata tsohuwar tambaya, watau da me ake yi wa abu hukunci, da asalinsa ko da halinsa?

Me Muke Nufi Da Ruwa?

Malaman manɗiƙi sun ce kafin a yi gardama a kan abu sai an yi masa haddi, watau bayanin da zai tattaro duk abin da yake nasa, ya kuma kore wanda ba nasa ba. To, in na ce ruwa a wannan maƙala ba ruwan sha kaɗai nake nufi ba. Ina nufin duk abin da ke malala, kamar man gyaɗa da nono da zuma, wanda in ka zuba shi a ƙwarya zai ɗauki siffar ƙwarya. Daskararre kuwa shi ne mai riƙe siffarsa, kamar dutse da gishiri da ƙarfe.

Kada mai karatu ya zaci Turawa ne suka fara damuwa da wannan rabe-rabe. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san mas'alar ɓeran da ya mutu a cikin man shanu. In man narkakke ne, ba a ci, duka ya ɓaci. In kuwa daskararre ne, a fid da ɓeran da abin da ke kewaye da shi, a ci saura, sai fa in ya daɗe a ciki. Ka ga nan hukuncin halal da haram ya rataya a kan sanin daskararre da narkakke. Man shanu kuwa abu ne mai rikitarwa, da hunturu sai an yanka shi da cokali, da bazara sai a tsiyaya shi. To, ina iyaka? Masu sharhi na Malikiyya suka kafa ma'auni mai sauƙi: a ɗebi wani abu daga cikinsa a duba gurbin. In gurbin ya cike da sauri, narkakke ne. In bai cike da sauri ba, daskararre ne.

Ina roƙon mai karatu ya riƙe kalmar nan "da sauri". Malaman ba su tambayi daga ina man ya fito ba, ai kowa ya san daga nono ne, nono kuwa ruwa ne. Abin da suka duba shi ne yadda yake yi in an taɓa shi, da kuma tsawon lokacin da yake ɗauka.

Abin Da Ke Cikin Gilashi

Gilashin taga da na kwalba ana yin su ne da yashi, wanda shi ne wajen kashi 70 cikin ɗari na haɗin, da wani gishiri dangin kanwa, da farar ƙasa. Ana dafa su a zafin da ya kai wajen digiri 1500 har su narke su zama kamar zuma, sa'an nan a siffanta, a bari ya huce.

Masana kimiyya sun nuna cewa kowane abu an gina shi ne da ƙwayoyin zarra. A cikin gishiri ko ƙanƙara, waɗannan ƙwayoyi a jere suke kamar masallata ranar Idi, sahu bayan sahu, in ka san inda mutum ɗaya yake ka san inda na ɗari yake. A cikin ruwa kuwa kamar jama'a suke a tsakiyar kasuwar Gusau da hantsi, babu sahu, kowa na kutsawa yana sauya wuri. To, gilashi fa? Ka ɗauka a ce jama'ar kasuwar nan kowa ya kama hannun na kusa da shi ya ƙame a inda yake tsaye. Babu sahu, amma kuma babu mai wuce wani. Wannan shi ne gilashi. Wani masani mai suna Zachariasen ne ya bayyana wannan siffa a 1932, cewa ƙwayoyin a ɗaure suke da juna tamau, sai dai ɗaurin ba shi da jeri mai maimaita kansa.

Dalilin haka kuwa gaggawa ce. Yin sahu yana bukatar lokaci. Wanda ya taɓa tsayawa gindin dutsen Kwatarkwashi, a kan hanyar Gusau zuwa Tsafe, ya dubi jikinsa da kyau, zai ga ƙwayoyi farare da jajaye da baƙaƙe a manne da juna. Wannan dutse shi ma narkakke ne a da, amma a can ƙarƙashin ƙasa ya huce sannu a hankali, shekaru aru-aru, har ma'adinan da ke cikinsa suka sami sukunin yin sahu. Inda kuwa irin wannan narkakken dutse ya fito ta bakin dutse mai aman wuta ya huce nan da nan, sai ya zama baƙin gilashi. Watau gilashi narkakken abu ne da sanyi ya riske shi kafin ya daidaita sahu.

Wannan asali ya bar masa alama. Ƙanƙara tana da ƙayyadadden zafin da take narkewa, ko dai ƙanƙara ce ko ruwa. Gilashi ba haka yake ba. Na taga yakan fara laushi ne daga wajen digiri 550, ya yi ta ƙara laushi a hankali, daga tauri zuwa danƙo, daga danƙo zuwa zuma. Wannan hali shi ne jarin Masaga, maƙeran gilashi na birnin Bida a ƙasar Nufe, waɗanda Frobenius ya gani a 1911, Nadel kuma ya bayyana sana'arsu a littafinsa na 1942. A da da yashi da kanwa suke dafa nasu gilashin, daga baya suka koma narka fasassun kwalabe. Da gilashi farat ɗaya yake narkewa kamar ƙanƙara, da ba su iya naɗa shi a jikin ƙarfe su fitar da ƙarau da duwatsun wuya waɗanda fatake suka yi ta kawo wa iyayenmu mata ba. Kafin su ma, binciken da Abidemi Babalola da abokan aikinsa suka buga a 2017 ya nuna ana dafa gilashi a Igbo Olokun, a Ile-Ife, tun tsakanin ƙarni na 11 da na 15.

Hujjar Masu Cewa Ruwa Ne

Hujjarsu biyu ce. Ta farko ita ce wadda muka gani, cewa tsarin cikinsa irin na ruwa ne. Ta biyu kuwa labari ne. Wai a tsofaffin majami'un Turai, in ka auna gilashin taga sai ka tarar ƙasansa ya fi samansa kauri, wai don ya yi ɗaruruwan shekaru yana gangarowa.

Labarin yana da daɗi, shi ya sa ya yaɗu har ya shiga ajin ƙanena. Amma bai tsaya da ƙafarsa ba. A zamanin da aka yi waɗannan tagogi ba a iya yin gilashi mai kauri bai ɗaya ba. Wata hanyar da ake bi ita ce a hura narkakken gilashi, a juya shi da sauri har ya baje kamar faifai, sa'an nan a yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa wani gefenta ya fi wani kauri. Mai sa taga yakan mai da gefe mai kauri ƙasa don ya fi zama, kuma an sami tagogin da kaurin yake sama ko a gefe. Ruwa kuwa ba ya gangarawa sama. Gilashi mai santsi bai ɗaya irin na yau ya yawaita ne bayan kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana dabararsa a 1959, ta shimfiɗa narkakken gilashi a kan narkakkiyar kuza.

Daɗin daɗawa, an yi lissafi. A 1998 Edgar Zanotto, wani masani ɗan ƙasar Barazil, ya lissafa lokacin da gilashin taga zai ɗauka kafin ya malala yadda ido zai gani a zafin ɗaki, ya tarar lokacin ya zarce shekarun duniya da taurari nesa ba kusa ba. A 2017 wasu masana suka sake gwaji da irin haɗin gilashin tsohuwar majami'ar Westminster ta Landan, suka ce a cikin shekara biliyan ɗaya abin da zai gusa bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan na milimita ba. Ga kuma shaidar da ba ta bukatar lissafi: kwalaben Rumawa na wajen shekara 2000 suna nan da siffarsu, wuƙaƙen baƙin gilashi da mutanen farko suka fafe tun dubban shekaru har yau da kaifinsu. Da gilashi yana malala, ai da kaifi ne farkon abin da zai tafi.

In muka koma ga ma'aunin malamanmu na fiƙihu, sai mu ce a karce gilashi a jira gurbin ya cike. Za a mutu, jikoki su mutu, gurbi yana nan.

Ido Ma Ba Alƙali Ba Ne

To, shi ke nan Kawu ya ci gardama? Ya ci, amma hujjarsa tana bukatar gyara. Cewa ya yi abin da ya yanki yatsa ba ruwa ba ne, watau abin da ido ya gani, hannu ya taɓa, ya isa shaida. A nan sai mu yi hattara.

A cikin Suratun Namli, aya ta 44, an ba da labarin sarauniyar Saba, wadda masu tafsiri ke kira Bilkisu. Da aka ce ta shiga fadar Annabi Sulaimanu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ta ga daɓen, ta zaci ruwa ne mai zurfi, har ta tattare tufarta, sai aka sanar da ita gilashi ne aka shimfiɗa. Mace ce mai hankali da shawara, amma ido ya yaudare ta, kuma gane wannan kuskure yana cikin abin da ya buɗe mata ƙofar gane wanda ya fi shi girma.

Akwai kuma kishiyar wannan kuskure, watau a ga ruwa a zaci dutse ne. Kwalta in ta yi sanyi, ka buge ta da guduma sai ta tarwatse kamar gilashi, har ta iya yankan yatsa. A 1927 wani malami mai suna Thomas Parnell, a Jami'ar Queensland ta Ostireliya, ya narka irinta ya zuba a mazurari mai toshe, ya bar ta shekara 3 ta zauna, a 1930 ya yanke bakin mazurarin. Ɗigo na farko bai faɗo ba sai 1938, na tara kuwa sai 2014. John Mainstone ya yi shekara 52 yana kula da wannan gwaji, ya rasu a 2013 bai taɓa ganin faɗuwar ɗigo da idonsa ba. Amma tana ɗiga. An kiyasta ta fi ruwan sha kauri sama da sau biliyan 200, duk da haka ruwa ce. Mu ma mun san wannan, domin mun sha ganin yadda tayar manyan motoci ke tura kwalta gefe a titi da bazara.

Ka ga ke nan a gaban guduma kwalta da gilashi ɗaya suke, dukansu fashewa suke yi. Abin da ya raba su shi ne a ɗora musu nauyi a bar su da lokaci. Ɗaya ta sallama a hankali, ɗaya ya tsaya.

Saboda haka amsata ita ce gilashi daskararre ne, amma daskararre marar sahu. Ban ce masana sun gama da shi ba. Yadda ruwa ke ƙamewa ba tare da ya yi sahu ba har yanzu ana bincikensa, har Philip Anderson, wanda ya ci kyautar Nobel a 1977, ya lissafa shi a 1995 cikin mafi zurfin matsalolin da ba a warware ba a fanninsa. Wasu kuma, ciki har da Zanotto, suna ganin in aka ba gilashi lokaci marar iyaka zai sauya. Amma wannan lokaci ba namu ba ne, ba kuma na duwatsu ba ne. A duk tsawon zamanin da hankali zai iya kamawa, gilashi yana riƙe da siffarsa. Hausawa sun ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. To, gilashi ma bai yi ba.

Asali Ko Hali?

A nan ne na ga abin da ya hana ni barci. Kuskuren malamin ƙanena shi ne ya leƙa cikin gilashi, ya ga kamannin ruwa, ya tuna daga ruwa ya fito, sai ya yanke cewa lalle halin ruwa zai yi. Da aka rasa shaida, sai labarin tagogi ya zo ya cike gurbi, aka karɓe shi hannu biyu saboda ya dace da abin da aka riga aka ƙudura. Shin ba haka muke yi wa junanmu ba?

Sau nawa yaro mai ladabi da sana'a ya nemi aure, aka ce a bincika asalinsa, aka tarar kakansa mahauci ne, ko maƙeri, ko an ce bawa ne, sai magana ta mutu? Ba a tambayi ko yana riƙon amana ba. Kuma da an tashi kafa hujja ba a rasa labari, a ce ai wane ma da ya auri irinsu ga yadda ta ƙare. Wannan shi ne labarin tagogin namu.

Abin ya wuce aure. Tun wajen 2011 da satar shanu ta rikiɗe ta zama yaƙi a Zamfara, ƙauyukan Tsafe da Bungudu da sauran sassan jihar sun ga abin da ba a fata. Masu laifi suna nan, laifinsu kuwa mai girma ne, babu mai musu, wajibi ne hukuma ta kama su. Amma a cikin wannan wuta an kashe mutane a kasuwa da kan hanya ba don an kama su da komai ba, sai don kamanninsu da harshensu sun nuna Fulani ne. An kuma ƙone garuruwan manoma, an kashe tsoho da yaro, ba don sun yi wa kowa komai ba, sai don an ce ai Hausawa ne, duk ɗaya suke da waɗanda suka yi. Kowane ɓangare ya dubi asali ya yanke hukunci, kowane kuma yana da labarin da yake ba 'ya'yansa. Ga shi shari'ar da muke taƙama da ita ta koya mana akasin haka, har a kan giya: in ta juya da kanta ta zama ruwan tsami, watau khalli, ta tsarkaka, ba a tuna mata da jiya.

Na san wani zai ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gaskiya ne asali yana barin alama, mun gani a jikin gilashi. Gidan da mutum ya tashi yana bayyana a harshensa da abin da yake tsoro da abin da ya iya. Amma alama daban, hukunci daban. Sanin tsarin cikin gilashi ya taimake mu gane dalilin da yake laushi a hankali, bai gaya mana ko zai malala a taga ba, sai da aka auna.

Haka kuma kada mu faɗa ramin kwalta. Akwai mutumin da in ka gamu da shi sau ɗaya sai ka ce dutse ne, ga asali, ga rawani, ga kaifin baki a kan gaskiya. A ba shi ajiyar marayu ko kuɗin ƙungiya a dawo bayan shekara goma, sai a tarar ya ɗiga, kaɗan-kaɗan, ba wanda ya ga faɗuwar ɗigo ko ɗaya. Irin wannan zuriyarsa ba ta tona shi, kallo ɗaya ma ba ya tona shi. Sai an zauna da shi, an yi ciniki da shi, an yi tafiya da shi.

Dole kuma in faɗi inda misalin nan ya tsaya. Gilashi ba shi da zaɓi, mutum yana da shi. Mun ce hali zanen dutse, amma mun ga mai gaskiya ya lalace, mun ga ɓarawo ya tuba. Ko gilashin ma, fasasshiyar kwalbar da aka yar a juji in ta shiga wutar Masaga sai ta fito ƙarau a hannun amarya. Saboda haka hukuncin da za mu yi wa mutum da halinsa ma ba mu rufe shi da kwaɗo, sai mu bar ƙofa.

Kammalawa

Da na sake komawa Rawayya na kwashe duk wannan na gaya wa Kawu, tun daga ɓera a man shanu har kwaltar Ostireliya. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Watau dai gaskiyata." Na ce gaskiyarsa, amma ba don yankan yatsa ba. Ya yi shiru, can ya ce shi abin da ya fi ba shi mamaki shi ne mutumin da ya yi shekara 52 yana gadin kwalta, ya ce da mutane suna da rabin haƙurinsa kafin su yanke wa ɗan'uwansu hukunci, da kabarin da aka haƙa a ƙasar nan bai kai haka yawa ba. Ƙanena kuwa na ce ya koma ya gaya wa malaminsa cikin ladabi, ya kuma tambaye shi inda ya samo labarin, domin ba laifi ba ne malami ya gaji kuskure, laifin shi ne mu da muka gane mu miƙa shi gaba.

Ƙwan fitila dai ni aka sa na saya. Allah ya sa mu dace, amin.